Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sarautar da Ta Fara a Bukka

A makon jiya na tsaya ne a inda muka kammala darussan aji na horon adana tsofaffin gine-gine, wanda shi ne ya kai ni birnin Rum a shekarar 2011. Daga nan aka fara fita da mu zuwa kufai, kuma wurin da malamarmu ta fara kai mu shi ne tudun Palatino, inda Rumawa suka ce Romulus ya kafa garinsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Ta wuce da mu ta gefen manyan bangayen sarakunan baya ba tare da ta tsaya ba, har muka isa kusurwar tudun, inda ta nuna mana wani falalen dutse mai ramuka. Waɗannan ramuka, da aka tone su sosai a 1948, gurbin ginshiƙan bukkoki ne na ƙarni na 8 kafin miladiyya, kuma babbar cikinsu ba ta cika mita 5 a tsawo ba, faɗinta kuwa bai kai mita 4 ba. Ni ɗan magini ne, na tashi ina kwaɓa ƙasa ina miƙa wa mahaifina tubali, saboda haka idona ya karanta wurin tun kafin a yi bayani: ga ramin ginshiƙin tsakiya mai ɗauke da jinka, ga na gefe inda aka kafa itatuwa aka saƙa tsumagu aka yaɓe da laka, ga ƙananan ramuka a bakin ƙofa inda aka yi rumfa. Da na kira gida da daddare na kwatanta wa Baba, tambayarsa ta farko ita ce ta ina ruwan sama yake bi. Na ce, "Baba, sun sassaƙa lambatu a jikin dutsen, ya kewaye ɗakin." Ya ce to, wanda ya yi wannan aiki ya san damina.

Rumawa sun ci gaba da kula da wata bukka a wannan kusurwa wadda suke kira ɗakin Romulus, har zamanin da birninsu ya cika da marmara. Marubutansu na dā sun ce duk lokacin da iska ko gobara ta ɓata ta, sai a gyara ta yadda take, kuma an rubuta cewa ta ƙone a shekara ta 38 da ta 12 kafin miladiyya. Ina ganin wannan shi ne asalin aikin da na je koyo, domin ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da ke komawa kansa, kamar yaɓen da ake sabunta wa soro kafin ruwa ya sauka.

A ƙasan tudun, kusa da ɗakin bautar Vesta, allahiyar murhu ta Rumawa, akwai ragowar ginin da ake kira Regia, wanda al'adar Rumawa ta jingina wa sarki na biyu, Numa. Masanin tonon kufai ɗan Italiya Giacomo Boni ya tone shi a ƙarshen ƙarni na 19, sannan Ba'amurke Frank Brown ya sake tonawa a 1964, aka tarar da cewa a ƙarƙashinsa ma bukkoki ne, sai a ƙarshen ƙarni na 7 kafin miladiyya aka share su aka ɗora gini mai harsashin dutse da tsakar gida, wanda aka yi ta rushewa ana sake ginawa. A nan aka tsinci ɓallen baƙin kasko da aka karce REX a jikinsa, wato sarki. Ƙanƙantar wurin ta sa masana da yawa suke ganin ba nan sarki yake kwana ba, nan ne dai yake gudanar da hidimar addini, kuma nan ake ajiye garkuwoyi da māsun da aka keɓe wa Mars, abin bautarsu na yaƙi. Ko bayan an kori sarki na bakwai, Tarquinius, a shekara ta 509 kafin miladiyya, ba a yi watsi da ginin ba, ya koma hannun babban limamin addininsu.

Muhawara mafi zafi a zamanmu ita ce ta Andrea Carandini, masanin tonon kufai ɗan Italiya, wanda ya sanar a 2005 cewa ya gano fadar sarakunan farko a kusa da nan, gini mai babban ɗakin taro da tsakar gida, faɗinsa kimanin murabba'in mita 345, bangonsa itace da laka, kuma na ƙarni na 8 kafin miladiyya. Shi yana ganin wannan ya gaskata labarin Romulus, amma wasu masana, irin su Baturen Ingila Peter Wiseman, ba su yarda a ɗora tatsuniya a kan harsashi ba. Ni a tawa fahimtar, gidan da ya fi bukkokin maƙwabtansa girma ninki-ba-ninki shaida ce cewa akwai mai faɗa a ji a garin, wanda yake iya tara mutane su yi masa aikin gayya, amma ƙasar ba ta faɗi sunansa ba, kuma na faɗa wa malamarmu haka, ta umarce ni in rubuta shi a rahotona tare da hujja.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin tafiyarmu Gabii, gabas da Rum, inda a 2010 aka sanar da gano wata fada ta ƙarni na 6 kafin miladiyya da aka kware rufinta aka binne ta da duwatsu da gangan.