Wasiƙa daga Talahasi: bututun kabon a cikin maganaɗisu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kun sha tambayata abin da ya zaunar da ni a Talahasi ta jihar Fulorida. To, ga shi: bututun kabon ne.

Ku ƙaddara tabarma ce aka saƙa da ƙwayoyin kabon zalla, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir, idanunta kamar saƙar zuma. A naɗe ta, ta zama bututu mai faɗin nanomita 1 ko 2, wanda sai an jera dubun-dubatarsa kafin a kai kaurin gashi ɗaya. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya fito da labarin irin waɗannan bututai a 1991. Naɗin, ko miƙe ko a karkace, shi ke yanke wa bututun hali. Kusan kashi ɗaya cikin uku suna wuce da lantarki kamar ƙarfe, sauran kuwa sai an ɗan tura su, irin silikon na cikin wayoyinku.

Abin da ya kama zuciyata shi ne wannan halin yana canzuwa ba tare da an taɓa bututun ba. A 1993 masana biyu na Japan, Ajiki da Ando, suka nuna da lissafi cewa in ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ta ramin, elektiron (ƙwayar da ke ɗaukar lantarki) da ke kewaya bangon sai takunsa ya sauya, har mai halin ƙarfe ya koma kamar silikon. An ga alamun haka a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1999, sannan a 2004 tawagar Junichiro Kono ta gan shi a ɗakin gwajin maganaɗisu na nan garin, da maganaɗisu mai tesla 45 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Na'urar MRI ta asibiti tesla 1.5 ce ko 3. Amma fa kafin siririn bututu ya kammala juyin halinsa gaba ɗaya, sai dubban tesla.

Zafi kuma labarinsa daban. Awon da aka yi a 2001 ya nuna bututu ɗaya yana kwashe zafi fiye da jan ƙarfe sau bakwai. Girgizar ƙwayoyin kabon ce ke ɗaukar yawancinsa, ita kuwa maganaɗisu bai cika damunta ba.

Ƙannena masu karatun fiziks a Zariya, Kano, Sakkwato da Yamai, aikin Ajiki da Ando lissafi ne, shekara shida kafin gwaji ya biyo baya. Da takarda da kwamfuta za ku iya bin sawunsa. Don Allah ku gwada, ku rubuto mini inda kuka maƙale.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Talahasi