Baitin jigida da abin da ya jawo mana a Jidda

Sati biyu kenan da fitowar waƙar nan kuma wallahi na ji ta ya fi a ƙirga, alhali ni ban taɓa kunna ta da hannuna ba. Ba zan kama sunan yaron ba, ɗan Kano ne dai, duk mai TikTok ya san wadda nake nufi, wadda yake roƙon yarinya ta ɗan sassauta tafiya don tunda ta gifta ya manta canjinsa a wajen mai shago, wai ko harara ce ta yi masa ya samu abin kwana da shi. Daga nan ya gangaro kan gyale, daga gyale sai ƙugu da jigida, toh a baitin jigidar nan ne aka samu matsala.

Ni lalle nake yi a nan Jidda, shekarata 13 a wajen unguwar Sabil, kuma duk waƙar da ta fito a gida kafin ta kwana uku ta iso tabarmata, don mace in ta miƙa miki hannu biyu kin zana ba ta da sauran abin yi sai baki da kunne, wayar ma ƙawarta ce ke riƙe mata. A nan nake jin ra'ayin kowa. 'Yan mata sun ce waƙar shekara ce. Matan aure su yi dariya su ce Allah ya shirya, amma ƙafa tana bugawa a ƙasa. Akwai wata Hajiya da muke gurup ɗaya a WhatsApp, dattijuwa ce ta kusa saba'in, ita kam voice ta yi mana na minti bakwai cur, tace yaran yanzu sun cire kunya sun rataye, a ƙasa mai tsarki ma ba za a bar mutum ya huta da fitsara ba.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi bikin wata yarinya da na yi wa lalle, an kama istiraha, wato gidan hutawa da ake haya don biki, can bayan gari. Wanda bai taɓa zuwa bikin mata a Saudiyya ba bari in gaya masa yadda ake yi, a bakin ƙofa akwai mata masu karɓar waya, ki miƙa jawwal ɗinki a ba ki lamba, sai kin shiga ciki sannan ki cire abaya, babu namiji ko ɗaya, mai saka kiɗan ma mace ce. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka saki waƙar. Jama'a, fili ya cika har da masu goyo. Sau uku ana maimaita ta. A na ukun na ɗaga kai daga gyaran ƙafar amarya, wa zan gani a tsakiya ta ɗaure ƙugu da mayafi? Hajiyar voice! Na ce Hajiya ke ce da kanki? Tace ke 'yar nan rufa min baki, nan ai ɗakin mata ne, a gaban wa na yi?

Dariya na yi a lokacin amma da na koma gida maganar ta tsaya min a rai, don gaskiyarta ce. Mu da muka tashi muka ga kiɗan amada mun san abin da ake faɗa in an kifa ƙwarya a ruwa an rufe ƙofar gida. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013, akwai baitocinta da in aka ajiye su kusa da na yaron nan sai ki ce shi karatun allo yake. Iyayenmu sun taka su, sun yi liƙi, sun yi guɗa, ba wanda ya kai ƙara kotu, saboda akwai zaure tsakaninsu da titi. Yanzu waya ta rushe zauren, abin da ake rerawa a ƙuryar ɗaki shi ne a kunnen surukinki yana zaune a majalisa.

Kuma haka ɗin ce ta faru, don ashe wata ja'irar yarinya ta shigo da waya ta biyu a cikin jakar jariri. Sakan ashirin kacal ta ɗauka ta ɗora, kafin azahar ɗin Juma'a bidiyon ya isa Kano wajen dangin ango. Fuskar Hajiya tar, ga uwar amarya ba ɗankwali, ga wasu mata biyu da ni na san ko igama, wato takardar izinin zama, ba su da ita, kullum a ɗarare suke fita aiki saboda tsoron jawazat, wato jami'an shige da fice, da tarhil, wato a kama mutum a mayar da shi ƙasarsu, su ba abin da suka tsana irin a ga fuskarsu a intanet. An goge bidiyon amma ai bakin alƙalami ya bushe. Har yau uwar amarya ba ta ɗaga wayar uwar yarinyar da ta ɗauki bidiyon.

Wani abin da ke ban mamaki shi ne yadda abubuwa suka juye. Lokacin da na zo ƙasar nan in kina jin waƙa a mota kika hango 'yan hai'a, wato Hisbar Saudiyya, sai direba ya kashe, shaguna duk a rufe lokacin sallah. A 2016 aka karɓe musu ikon kama mutane, a shekarar aka kafa hukumar nishaɗi, 2018 aka buɗe silima mata suka fara tuƙi, 2019 aka fara Mausim ɗin Riyad, bikin nishaɗin da ake yi a can, yanzu mawaƙan Masar da Labanan har na Amurka suna zuwa su cika fili. Ba wai an saki komai ba ne fa, akwai dokar zauƙul am ta 2019, wato ta kiyaye ɗa'a a bainar jama'a, ka ƙure kiɗa a unguwa ko ka kunna lokacin sallah tara za ka biya. Amma a gida Kano kuma sai ƙara ɗaurewa ake, hukumar tace fina-finai tana nan tun 2001, ga Hisba, kowa ya tuna yadda MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai, ta kori Rahama Sadau a 2016 kan bidiyon waƙa da ClassiQ, da surutun da aka sha a 2020 lokacin kullen korona da matan aure suka dinga taka wa mazajensu waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker suna ɗorawa. Wai yau 'yar uwata ce daga Kano ke kira na tana cewa Yaya ku a can ai kun lalace. Ikon Allah.

Ita waƙar kanta in za a tambaye ni, kiɗan ya yi, amshin yana kama kunne kamar ƙaiƙayi, baiti biyun farko akwai gwaninta, zancen canjin mai shagon nan ya burge ni don haka samari suke rikicewa da gaske. Na jigidar ne ragon baiti. Ba don batsa ba ma, don rashin iya sakaya zance. Mutanen da in za su faɗi irin wannan sai su bi ta kan tukunya da murfi ko tsani da rumbu, babba ya gane ya murmusa, yaro ya wuce bai san an yi ba. Shi kuwa ya kwaso ya zube a faranti, ya rufe da injin gyara murya.

Abban yara ma da ya fi kowa zagin ta a majalisarsu ta unguwar Karantina, shekaranjiya na kama shi yana wanke mota yana fito da amshin, nace Alhaji lafiya? yace shi bai ma san daga ina ta maƙale masa ba.

Jiya da daddare ina kwaɓa lalle autata mai shekara tara, wadda a nan aka haife ta ko Kano ba ta taɓa gani ba, tana jera min robobi tana rera ta ƙasa-ƙasa da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta zo daidai wajen sai ta tsaya tace Mama wai shin mene ne jigida? Nace ki bari in mun je gidan Hajiya ranar Asabar ki tambaye ta.