Kada ka kalli shaddarsa kafin ka yanka kuɗi

Shekaranjiya ina zaune kan tsohuwar taya a garejinmu, nan bayan kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, sai ga wani Alhaji da Corolla tana zafi. Yaron da na yaye bara ya ɗaga bonet, ko sifana bai ɗauka ba, na ga idonsa a kan shaddar mutumin da agogonsa. "Alhaji, gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan inji." Gabana ya faɗi, don maganata ce na ji a bakinsa.

A 2011 na yi wa wani malamin makaranta haka da Fijo 406 ɗinsa. Fanka ce ba ta tashi, fiyus ne kawai ya mutu. Na ce gaskit. Na riƙe motar kwana uku don aikin ya yi kama da babba, na wanke kan injin da fetur har yana ƙyalli, na karɓi kuɗin kayan da ban saya ba. To, a lokacin iyalina na da tsohon ciki, mai gidan haya ya sa ni gaba, kuma shi malamin ai akwai ragowar kuɗin birki da bai taɓa cika mini ba. Ogan da ya koya mini aiki ma haka yake yi, ba wanda ya kira shi ɓarawo, har Makka ya je. Da wannan nake lallashin kaina. Sai dai da zai tafi ya ce, "Allah ya saka da alheri, Oga," ya ƙara mini na cefane. Wannan addu'ar har yau tana cina.

Bayan wata biyu wani mai wayarin ya nuna masa ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Bai zo faɗa ba. Shi da abokan aikinsa duk suka ɗauke ƙafa. In mun haɗu a jana'iza, ni nake sauya sahu.

Na so in jero muku shawarwari goma, amma ku yaran yanzu wa ke saurare? Hannu ɗaya sifana, ɗaya TikTok. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. In na Beljiyam ka sa, kada ka ce sabo ne dal. Tsohon da ka cire, jefa wa mai motar a but ya tafi da abinsa. Kada ka faɗi kuɗi sai ka kwance ka gani. Ko da yake in ka yi shiru garejin gaba zai wuce, don haka faɗi wani abu, ka ce zai iya hawa. Da aka saki naira a 2023 kasuwa ta riƙa yanke darajarta, farashin safe a Ƙofar Ruwa bai zama na yamma ba. Kuma kada kunya ta sa ka karya kuɗin guminka, ba sadaka ka fito yi ba.

Na dai ja yaron gefe na ce ya duba murfin lagireto. Shi ne ya saki. Alhaji ya biya ya tafi, yaron kuwa har aka kira magariba bai kalle ni ba.