Injin da bai san bashi ba

Tun a filin jirgin saman Las Vegas, a Amurka, na fara cin karo da injinan caca, jere suna walƙiya, mutum bai ma ɗauki jakarsa ba. Daga baya na tarar har shagon cefane da gidan mai akwai su. Jihar Nevada, inda Las Vegas yake, ta halatta caca tun 1931, kuma da ita garin yake ci. Ni ma da bizar caca, wato wadda Amurka ke bayarwa ta hanyar ƙuri'a, na baro Maraɗi, abin da abokaina ke tsokanata da shi har yau.

Aikin da na fara samu shara ce ta dare a wani babban otal mai gidan caca a ciki. Raina bai kwanta da wurin ba, amma mai gidan haya ba ya jiran kowa.

Wani dare wata tsohuwar Baturiya ta roƙe ni in tsare mata kujera za ta zaga. Wai injin ya haɗiye mata dala 200, yanzu ya kusa amayarwa, kada wani ya zo ya kwashe guminta. Da na ba wani ɗan Filifin mai gyaran injinan labari, dariya ya yi. Ya ce a cikin kowane inji akwai 'yar kwamfuta da ke ta jefo lambobi barkatai ba tsayawa, ko ana wasa ko ba a yi. Lambar da ta faɗo daidai lokacin da ka danna maɓalli, ita ce rabonka. Hotunan nan da ke juyawa ado ne kawai, an riga an yanke hukunci. Injin bai san ya ci kuɗin kowa ba, balle ya ji ana bin sa bashi. Dokar jihar ta ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na abin da aka zuba ya koma hannun masu wasa, amma lissafin na miliyoyin juyi ne, babu ruwansa da daren tsohuwa ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kiɗan. Mutum ya zuba dala ɗaya, a mayar masa da santi 30, sai injin ya ɓarke da kiɗa da haske kamar gidan biki. Ya yi asarar santi 70 yana murmushi. Ga shi ba agogo a bango, ba taga.

Tsohuwar ta dawo, ta miƙo mini dala biyu tukuici, na ce ta bar shi. Da na ajiye tsintsiya zan je in yi sallar Asuba, tana nan a kan kujerar, tana shafa gilashin injin da tafin hannu.