Asabar a Bauchi: makon da masara ta zama kyauta

Bayan azahar ɗan yayata ya shigo da kwamfuta a hammata, fuska a murtuke. Aikinsa na kammala digiri kan farashin hatsi ne a kasuwar Muda Lawal. Duk mako yakan je ya rubuto kuɗin buhun masara, gero da dawa. Malaminsa ya ce a LaTeX, manhajar tsara rubutu da ake ba umarni a rubuce, yake son rubutun, giraf ɗin farashin ma a zana shi da pgfplots, kayan zanen giraf na LaTeX, ba hoton Excel da za a liƙa ba. Ina bayan malamin: harufan zanen za su zo iri ɗaya da na rubutun, kuma in lamba ta canza, fayil ɗin bayanai kawai za a taɓa.

"Kawu, abin nan ya ƙi ni. Tun jiya jan rubutu kawai yake zubo min."

Na ce ya bar umarnin zanen tukuna, ya buɗe min fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin bayanan da ya fitar daga Excel, a Notepad. In ba ka faɗa masa ba, pgfplots yana ɗauka sarari ne ke raba bayanai a layi, shi kuwa fayil ɗin yaron waƙafi ne ya raba su. Muka sa col sep=comma a gaban \addplot table, umarnin da ke ɗauko bayanai daga fayil ya zana. Bai isa ba. Excel ya ajiye kuɗin da waƙafin dubbai, irin "45,000" a cikin alamar zance, pgfplots kuwa ba ruwansa da alamar zance: yana ganin waƙafi sai ya yanka, 45 gefe, 000 gefe. Muka koma Excel muka cire waƙafin, lamba ta tsaya tsurarta. Layin farko muka ba shi gajerun sunaye, rana, masara, gero, dawa, don a rubuta x=rana, y=masara. Hakan ya fi kiran kowane jeri da lamba, tunda ƙirgen pgfplots daga 0 yake farawa, mutum yana iya zana gero yana zaton masara ce.

Kwanan wata bai ɗauke mu lokaci ba. Sai an ɗora dateplot, ɓangaren pgfplots mai kula da kwanan wata, a sa date coordinates in=x, sannan a rubuta shekara, wata, rana: 2024-04-03, ba 3/4/2024 ba.

Da zanen ya fito sai dariya ta kama ni. Layi na tafiya lafiya lau, kwatsam ya faɗo ƙasa warwas, ya sake tashi. Ashe makon Sallah da makon jarrabawa bai je kasuwa ba, sai ya cike gurbin da 0. Na ce, "To ai ka rubuta cewa ranar kyauta ake rabon masara a Muda Lawal." Muka maye gurbin sifilin da harufa uku, "nan", alamar da ke nufin babu lamba a wurin.

A kan wannan muka ɗan ja. In aka bar shi, pgfplots yana tsallake gurbin ne ya haɗe ɗigon baya da na gaba, layi ya fito sumul. Yaro ya ce haka ya fi kyau. Ni kuma na ce mai karatu zai ɗauka an auna farashin makonnin, alhali ba wanda ya taka kasuwa. Da unbounded coords=jump layin yana katsewa, kowa ya ga giɓin da idonsa. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam zai tambaye ni dalili." Na ce sai ka faɗa masa, ai Sallah ba laifi ba ce.

Saura wani ƙaramin 10⁴ da ya maƙale a saman gefen hagu, farashi ya koma 4 da 5. Muka sa scaled y ticks=false, cikakkun lambobi suka dawo, har da waƙafin dubbai da shi kansa ya sa musu.

Ana kiran magariba uwarsa ta bugo waya. Masara kaɗai muka gama. Gero da dawa na ce ya je ya yi da hannunsa, Litinin ya kawo in gani.