Jinjirin ɓera kurma ake haifarsa

Ranar sunan ɗan ƙanwata wata yarinya ta saki faranti a tsakar gida, ƙarar na tashi jaririn ya zabura ya ware hannuwa, mata suka hau dariya, ni kuwa hankalina ya koma kan jariran ɓerayen da muke dubawa a lab, wato ɗakin bincikenmu. Su fa kurame ake haifarsu, ko ganga ka buga ba sa motsi sai wajen kwana 12. Ɗan adam tun yana ciki, wajen sati 25, ya fara ji.

Na taɓa ciro can cikin kunnen jinjirin ɓera ƙarƙashin maikiroskof, abu kamar dodon koɗi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, hannuna har rawa yake. A ciki akwai ƙwayoyi masu gashi da ke kama sauti da jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma a satin farko jijiyoyin miƙewa suke da yawa kamar yaɗon kabewa sannan a rage wasu a bar masu amfani, duk wannan a shiru, kunnen da kansa yake ƙirƙiro bugun lantarki yana gwaji kafin wani sauti ya shigo. Wallahi abin yana taɓa ni.

To a nan naitirik oksaid ke shigowa, iska ce da jiki yake haɗawa daga arjinin, wani sinadari da ke cikin furotin, daƙiƙu kaɗan take yi ta ɓace, ba ta neman ƙofa, ratsa bangon ƙwaya take ta tayar da cGMP, sinadari mai isar da saƙo a cikin ƙwaya, a maƙwabciyar ƙwayar. Ita ce ta sa masana uku, Furchgott da Ignarro da Murad, suka ci kyautar Nobel a 1998 saboda yadda take buɗe hanyoyin jini. An samu enzayim, wato sinadarin da ke haɗa ta, a jijiyoyin kunnen, kuma tana cikin abubuwan da ke sa bakin jijiya mai tsiro ya ci gaba ko ya ja baya.

Amma in ta yi yawa ɓarna take, an ga haka bayan ƙara mai tsanani da magani irin jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta da kan lalata ƙwayoyin gashin kunne. Ƙwayoyin gashin nan kuwa in sun mutu ba sa dawowa gare mu, kaza ce nata ke sake fitowa. Shi ya sa da yamma na ja ƙanwata gefe na ce don Allah ko zazzaɓi jaririn ya yi kar ki bari a yi masa allura a kemis, ki kai shi likita ya auna nauyinsa tukuna.