Tseren keke na yini ɗaya: abin da ya sa Paris-Roubaix ke riƙe ido

A tseren mako uku irin Tour de France, ɗan tsere kan yi asarar minti biyu yau ya fanshe jibi. Tserukan yini ɗaya da ake yi a Turai cikin Maris da Afrilu, lokacin da sanyi ke janyewa, ba su da gobe. Babu mai ajiye ƙarfi, kuma nan daɗin kallon yake.

Milan-San Remo ta Italiya kusan kilomita 300 ce, amma sau da yawa sai a tudun Poggio, dab da ƙarshe, ake raba gardama. Tseren Flanders na Beljiyam yana da gajerun tuddai masu wuyar hawa, irin Paterberg mai mita 360 kacal. A ganina dai ba wanda ya kama ƙafar Paris-Roubaix ta arewacin Faransa, wadda aka fara a 1896.

Babu tudun kirki a cikinta. Kilomita wajen 260 ce daga Compiègne, wani gari arewa da Paris, zuwa Roubaix, kuma kusan 55 a ciki tsofaffin hanyoyin gona ne da aka shimfiɗa da duwatsu. An yanka su kashi kamar 30, ana ƙirga su a juye har zuwa na ɗaya. Uku ne mafiya muni: dajin Arenberg, Mons-en-Pévèle da Carrefour de l'Arbre.

Mai kallo ya sa ido tun kafin a hau duwatsun. Hanyar ƙunci gare ta, idan mutum ɗaya ya faɗi duk na bayansa sun tsaya. Saboda haka kowace ƙungiya ke kokawar kai gwaninta sahun gaba. Arenberg miƙaƙƙiya ce, kilomita biyu da ɗoriya, ana shigarta a ɗan gangara da gudun da ke kai kilomita 60 a awa. A nan Johan Museeuw ya farfasa ƙoƙon gwiwa a 1998, har ya kusa rasa ƙafar, ya dawo ya ci tseren a 2000. A 2024 sai da aka ƙara kwana kafin mashigar don a rage gudu.

A kan duwatsun, gwani yakan bi ƙoƙuwar hanya, inda ta ɗan tashi a tsakiya, domin can duwatsun suka fi zama daidai. Gefe ya fi laushi, amma nan ramuka da tsakuwa masu kaifi suke, nan ake yin faci. Ana sa giya mai nauyi, a zauna baya a sirdi, a sassauta riƙon kan keke. Wanda ya damƙe da ƙarfi, gargada za ta tsattsage masa tafin hannu. Wanda ya rage gudu kuwa, tayarsa sai ta riƙa faɗawa tsakanin duwatsu maimakon ta bi ta samansu.

Taya ma lissafi ce. Yanzu faɗinta yakan kai milimita 30 zuwa 32, babu tub a ciki, iska kuma ƙasa da ta kwalta. Iska ta yi yawa, keke ya yi ta tsalle. Ta yi kaɗan, dutse ya daki ƙarfen ƙafar. Motocin ƙungiya kan maƙale a baya, shi ya sa za ka ga mutane tsaye bakin hanya riƙe da ƙafafun keke sama, don sauya wa ɗan tseren da ya yi faci. A 2023 Wout van Aert ya ƙara wuta don ya tsere wa sauran a Carrefour de l'Arbre, tayarsa ta yi faci, Mathieu van der Poel ya wuce ya ci. Ranar rani ƙura ce ke rufe ido. Ranar ruwa, kamar a 2021, laka ta shafe fuskoki har ba a gane kowa.

Ana ƙarewa ne da zagaye ɗaya da rabi a tsohon filin tseren keke na Roubaix, kyautar kuma dutse ce daga irin na hanyar. Bayan wahalar kusan awa shida, saurin ƙafa ba ya bin suna. A 2016 Mathew Hayman, wanda ya karye a hannu makonni shida kafin ranar, ya riga Tom Boonen tsallaka layi, ya hana shi nasara ta biyar.